Kunnen Yaro Ya San Tatsuniya, Saura Idonsa

Yaro ɗan shekara biyar da bai san ko baƙi ɗaya ba, da wuya a ruɗa shi a kan irin maganar da ake yi masa. Kaka ta ce "ga ta nan ga ta nanku", ya amsa "ta zo mu ji ta", ya gyara zama, kuma ba zai tsayar da ita ya tambayi yadda aka yi kura ta iya Hausa ba. In mai sanarwa a rediyo ya sassauta murya ya fara da salallami, ya san rasuwa aka yi tun ba a ambaci suna ba. Ya san muryar mai tallar magani da lasifika a bakin kasuwa, ya san ta bambanta da ta liman. A aike shi shago, zai tafi yana nanata saƙon a hanya, don ya gane saƙo ba a yi masa ƙari.

Tatsuniya ce ta fi kowane nau'i kafa wa kanta shinge. Tana da lokacinta, wato dare, har ana tsorata yara da cewa mai yin ta da rana zai ɓata, sai fa in an ɗaure Gizo tukuna. Tana da mabuɗi, tana da marufi: ƙurunƙus kan kusu, ba don Gizo ba da na yi ƙarya. Dubi wannan marufin da kyau. Mai ba da tatsuniya ce da bakinta take tuna wa yara cewa abin da suka ji ba ya cikin abubuwan da suka faru. Al'ada ta daɗe da raba wa yaro ƙagaggen zance da na gaske, ba tare da ta ba shi wata ma'ana ya haddace ba.

A makaranta ake barin wannan sani a bakin ƙofa. Malam ya rubuta jimla a allo, ya nuna da sanda ya karanta, aji ya amsa da murya ɗaya, da kari ɗaya mai hawa da sauka. Labarin zomo da wannan karin, bayanin yadda sauro ke kawo zazzaɓi da shi, wasiƙar Audu zuwa ga kawunsa ma da shi. Alamomin da kunne ya saba kamawa duk sun ɓace, ba a kuma nuna wa ido nasa alamomin ba. Abin da yaro ke ɗauka daga nan shi ne rubutu duk ɗaya ne, kuma duk abin da aka buga gaskiya ne.

Ba haka magabatan boko suka tsara abin ba. Hukumar da Rupert East ya jagoranta a Zariya ta shirya gasar rubutu ta 1933 da ta haifar da Ruwan Bagaja, ta fitar da Magana Jari Ce na Abubakar Imam daga 1937, amma East da Imam ɗin nan su ne kuma suka rubuta Ikon Allah, mai bayanin halittu da yadda duniya ke gudana. A 1939 jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa, da labaran duniya da wasiƙun masu karatu. Wanda ya gama littafin Ka Koyi Karatu yana da hanyoyi da yawa a gabansa. Sai dai ƙagaggun labaran ne suka yi tsawon rai a hannun mutane. Kowa na iya ba ka labarin akun nan na Magana Jari Ce, amma nemi wanda ya taɓa riƙe Ikon Allah cikin 'yan ƙasa da shekara arba'in ka sha mamaki.

Wannan rinjaye ba namu ba ne mu kaɗai. A 2000 wata mai bincike a Amurka, Nell Duke, ta wallafa abin da ta gani a azuzuwa 20 na 'yan aji ɗaya: abin da ake ba rubutun bayani a matsakaici bai wuce minti 3.6 a rana ba. Inda littattafai ke cike da kanta ke nan. Ina ga ajin da yara ke cunkushe a kan littafi guda? Shirye-shirye irin su Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato, da RANA a Katsina da Zamfara, sun yi aikin da ya zama dole na koyar da sautin baƙi da wasali da haɗa gaɓa. Abin da ke biye da haɗa gaɓa shi ne har yanzu muke wa riƙon sakainar kashi.

Alhali kayan aikin na nan zube. A ɗauki katin gayyatar ɗaurin aure, wanda babu gidan da ba shi da tarinsa. Malama ta ɗaga shi a gaban 'yan aji biyu, kafin ta karanta ta ce, "Wa ya taɓa ganin irin wannan? Me ake nema a ciki?" Za su ce biki ne. To ina sunan ango da amarya? Ga su da manyan baƙaƙe a tsakiya. Ina rana, ina lokaci, ina wuri? Kowanne da layinsa, gajere, babu "sai ya ce", babu "ana nan ana nan". Ta ajiye shi kusa da shafin Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya, da kwalin maganin tari, da shafin farko na jaridar Aminiya. Yaran da ba su iya karanta jimla ba za su lura cewa kati ana duba shi ne a ɗauki abin da ake so, tatsuniya kuwa sai an bi ta daga kai zuwa gindi. Kwalin magani a cikinsa ake neman lamba, cokali nawa, sau nawa a rana, kuma wanda ya yi masa karatun tatsuniya zai iya cutar da ƙaninsa.

Akwai masu cewa a bari sai yaro ya iya karatu sosai. Ban yarda ba. Malama ce za ta karanta da babbar murya, ta ba kowane rubutu muryarsa, yara su saurara suna kallon takardar. Abin da nake tsoro shi ne a mayar da darasin hadda. Mun ga yadda ta kaya a sakandare, inda ɗalibi ke zayyano zube da waƙa da wasan kwaikwayo don jarrabawa, a miƙa masa takarda kuma ya kasa faɗin abin da marubucinta ke so da shi. Ɗan shekara bakwai bai buƙatar kalmar "zube". Tambayoyi uku sun ishe shi: wa ya rubuta wannan, wa ya rubuta wa, me yake so a yi?

Inda aikin ke da wuya shi ne rubutun da ya haɗa nau'i biyu, kuma littattafan yara na son irinsa: a sa Gizo ya koyar da wanke hannu da sabulu, ko akuya ta yi bayanin rigakafi. Yaron da aka raina a kan cewa Gizo maƙaryaci ne yana da hujjar tambayar wane ɓangare zai gaskata. A nan sai malama ta tsaya su tsefe shafin tare, jimla bayan jimla: akuya ba ta magana, wannan ƙage ne, allurar kuwa tana hana ƙyanda, kuma ana yin ta a asibitin unguwarsu.