Kurkuku, Dara da Dodo: Tarken Wasu Wasannin Kwamfuta

Gabatarwa

Manazarta adabin Hausa sun daɗe da yarda cewa wasa ma adabi ne, shi ya sa ba a taɓa ware gaɗa da tashe da langa daga fagen nazari ba. In kuwa haka ne, babu dalilin da zai sa a rufe wa wasannin kwamfuta ƙofa, musamman waɗanda aka gina a kan labari. Wannan maƙala za ta dubi kashi ɗaya daga cikinsu, wato wasannin kurkukun ƙarƙashin ƙasa masu tafiya gida-gida, waɗanda suka yi tashe a Amurka da Turai da Japan daga 1981 zuwa farkon shekarun 1990. Za a auna su da ma'aunin da aka saba auna ƙagaggun labarai da shi, wato zubi da tsari, da taurari, da jigo.

Batun bai yi nisa da mu ba kamar yadda za a zata. Tun farkon shekarun 2000 aka kafa makarantar koyon ilimin kwamfuta a Kazaure, a 2021 kuma aka kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Babura. Ɗaliban da ke zuwa irin waɗannan makarantu daga Roni da Gwiwa da sauran ƙasar Hausa, a cikinsu ne za a sami masu ƙago wasanni da harshenmu. Ya kamata a tantance musu abin da ya cancanci aro da abin da ya kamata a bari. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, ƙarfin waɗannan wasanni yana cikin tsarinsu, rauninsu kuma yana cikin jigonsu, sannan adabin Hausa yana da maganin wannan rauni.

Yadda Wasan Yake

Asalin wasan daga Dungeons & Dragons ne, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a 1974, ana yin sa da takarda da fensir. Da ya koma kwamfuta, sai siffarsa ta zama kamar haka: mai wasa yana jagorantar ayarin mutum huɗu zuwa shida cikin wani gini na ƙarƙashin ƙasa mai hawa-hawa. Abin da ke gabansa kawai yake gani, kamar da idonsa. Kowane taku gida ɗaya ne, juyi kuwa sai dama ko hagu ko baya, babu karkata. A hanya akwai dodanni da tarkuna da ƙofofin ɓoye, a can ƙasa kuma akwai babban abokin gaba.

Zubi da Tsari

Wasan da ya kafa wannan tsari shi ne Wizardry, wanda Andrew Greenberg da Robert Woodhead suka rubuta, kamfanin Sir-Tech ya fitar a 1981 don kwamfutar Apple II. Hawa goma gare shi, kowanne gida ashirin a tsaye, ashirin a kwance. Zanensa 'yan layuka ne kawai masu nuna bango da ƙofa, kuma ba ya ba mai wasa taswira. Dole mutum ya ajiye takarda mai gidan dara a gefensa, yana taku yana zanawa. Su kuma mawallafan sai suka cika ginin da abubuwan ɓatar da lissafi: wani gida ya juya ayari ba tare da sanarwa ba, wani ya ɗauke shi ya jefa wani wuri, wani kuma duhu ne ƙirin.

Duk wanda ya san darar nan mai gurbi talatin, wadda ake haƙawa a ƙasa, biyar a shida, kowane ɗan wasa da 'ya'ya goma sha biyu, zai gane hikimar wannan tsari nan da nan. A dara ma gida ɗaya ake matsawa, ba a tsallake, ba a karkata. Ƙarancin zaɓi shi ke sa kowane motsi ya yi nauyi, har a zauna ana nazarinsa. Bambancin kawai shi ne, mai dara yana ganin fili duka amma bai san zuciyar abokin karawarsa ba, shi kuwa mai wasan kurkuku filin ne kansa aka ɓoye masa. Ke nan taswirar da ya zana ita ce labarin: a kanta ake ganin inda ya ɓata, da inda ya ji tsoro ya juya, da inda ya yi kuskure ya goge. Ba a ba shi labari ba, shi ya rubuta abinsa.

Hujjar cewa a nan daɗin yake ita ce abin da ya faru daga baya. Bayan fitowar Ultima Underworld a 1992, wanda ya ba da damar tafiya ko'ina kuma kwamfuta na zana taswira da kanta, sai tsarin gida-gida ya ja baya. Amma da aka tashi farfaɗo da shi, abin da aka fara dawowa da shi shi ne wahalar da aka gudu. Etrian Odyssey na kamfanin Atlus a Japan, 2007, ya ware allo guda don mai wasa ya zana taswira da hannunsa. Legend of Grimrock, wanda aka yi a Finland a 2012, ya ba da damar kashe taswirar kwamfuta baki ɗaya. Ashe abin da aka ɗauka gazawar tsohuwar na'ura ce, shi ne ginshiƙin fasahar.

Taurari

A waɗannan wasanni babu tauraro ɗaya, ayari ne tauraro. A Wizardry mutum uku na gaba su ke sara da suka, uku na baya su ke warkarwa da jifa da sihiri, ɓarawo kuma shi ke kwance tarkon akwati. Wannan rabon aiki ya yi kama da na ayarin fatake, inda madugu da jagaba da uban dawaki kowa ke da nasa hurumi, kuma rashin ɗaya na iya jawo asarar duka. Mutuwa ma ba wasa ba ce: in ayari ya halaka, gawarwakinsa na nan a inda suka faɗi har sai an haɗa wani ayari ya je ya kwaso su.

The Bard's Tale na 1985, aikin Michael Cranford, ya ƙara wani tauraro da Bahaushe zai yi saurin ganewa, wato mawaƙi, wanda waƙarsa ke ƙara wa ayari ƙarfi da kariya. Wannan shi ne aikin makaɗan yaƙi da masu kirari a fadojin ƙasar Hausa. Sai dai a nan ne aibin farko ya bayyana. Waɗannan taurari ba su da hali, lambobi ne kurum: ƙarfi kaza, lafiya kaza. Ba sa gardama, ba sa kishi, ba sa cin amana. In aka jera su da Alhaji Imam da Malam Zurƙe na Ruwan Bagaja, littafin Abubakar Imam na 1934, waɗanda ramuwar gayyar da ke tsakaninsu ita ce gishirin tafiyar, sai a ga ayarin kurkuku kamar 'ya'yan dara ne aka raɗa wa suna.

Jigo

Babban raunin yana nan. Jigon mafi yawansu ɗaya ne: shiga, kashe, kwashe, sauka. A Wizardry ana neman layar da matsafi Werdna ya sace ne. A Eye of the Beholder na 1991 ana ratsa hawa goma sha biyu don a kashe dodon da ke ƙarƙashin birni, kuma a bugunsa na farko da an kashe shi sai 'yan layukan rubutu su fito, shi ke nan. Wannan ƙarshe ya tona asirin jigon: bayan kisa babu sauran abin faɗa.

A kwatanta da labarin Bayajida, wanda rijiyarsa ta Kusugu take a Daura, kan hanyar da ta ratsa Kazaure daga Kano. Kayan labarin iri ɗaya ne: rami, da macijin da ya hana jama'a ruwa, da baƙo mai makami. Amma kisan macijin ɗan taƙaitaccen zance ne. Nauyin labarin yana kan abin da ya biyo baya, wato wa ya kashe, ina shaida, mene ne lada, wane irin aure da mulki suka fito daga ciki. Haka kuma Dodon tatsuniya ba abin sara ba ne kawai: yana magana, yana ƙulla alkawari, wani lokaci har aure yake nema, kuma sau da yawa dabara ce ke kayar da shi. Gizo bai taɓa fin Giwa ko Dorina ƙarfi ba, amma ya haɗa su jan igiya ya koma gefe.

Wasa ɗaya ne a cikin na farko ya kusanci wannan matsayi, shi ne Dungeon Master na kamfanin FTL, 1987. A cikinsa lokaci ba ya jiran mai wasa, yunwa da ƙishirwa na cin ayari, bakin wuta na ƙonewa ya bar mutum cikin duhu, kuma ana iya jawo dodo ƙarƙashin ƙofa a sako masa ita. Mafi muhimmanci, ba a kashe babban abokin gaba. An nuna cewa shi da wanda ya aiko ayarin rabi-rabi ne na mutum ɗaya da ya tsage biyu, kuma nasara ita ce a sake haɗa su. Wanda ya kai wa mai aiken sandar sihirin da aka nema bisa amana, halaka zai yi. A nan kaɗai jigo ya kai darajar tsari, kuma don haka ne wannan maƙala ke ganin ya fi sauran.

Kammalawa

An ga cewa tafiya gida-gida da ɓoye taswira da rabon aikin ayari su ne abin yabo a waɗannan wasanni, kuma ba baƙi ba ne ga al'ummar da ta san dara da fatauci. An kuma ga cewa taurarinsu ba su da hali, jigonsu kuma bai cika wuce kisa ba. Haɗarin da ke gaban mai ƙago wasa da Hausa shi ne ya ɗauki wannan jigo yadda yake, ya sa wa mayaƙi rawani, ya kira abokin gaba Dodo, ya ce ya yi wasan Hausa. Wannan sauya riga ne kawai. Abin da ya cancanci aro shi ne tsarin. Jigo kuwa yana gida: Dodon da za a iya yi wa magana, da alkawarin da karya shi ke da sakamako, da labarin da ke ci gaba bayan an fito daga rijiya.