Waƙa a Bakin Mai Ita: Hira da Masu Ɗaukar Hoto, daga Bamako zuwa Yamai

Hausawa kan ce gani ya kori ji. Karin maganar gaskiya ce, amma a sha'anin hoto tana da iyaka. Hoto yana nuna fuska da tufafi da zama, ba ya faɗin sunan mai fuskar, ko ranar da aka ɗauke shi, ko dalilin da ya sa mutum ya yi ado ya biya kuɗi ya zauna gaban kamara. Wannan bayani yana cikin kan wanda ya ɗauki hoton, kuma ranar da ya kwanta dama ya tafi da shi. Shi ya sa hira da tsofaffin masu ɗaukar hoto ta zama aiki mai zaman kansa, wanda ya cancanci a auna shi kamar yadda ake auna hotunan.

A shekarar 1991 aka yi wani baje kolin fasahar Afirka a birnin Niyok na Amurka, mai suna Africa Explores. Cikin abubuwan da aka rataya akwai wasu hotunan Bamako da aka rubuta a ƙarƙashinsu cewa ba a san wanda ya ɗauka ba. Attajirin nan mai tara kayan fasaha, Jean Pigozzi, ya gan su, ya tura André Magnin Mali neman mai su. A 1992 Magnin ya nuna su ma Malick Sidibé, wanda bayan ɗaukar hoto yake gyaran kamarori, shi kuwa nan take ya gane hannun Seydou Keïta. Mai karatu ya lura: mutumin da aka ce ba a sani ba yana nan da ransa, Bamako duka ta san shi. Tambaya ce kawai ba a yi ba.

Daga hirarrakin da Magnin ya yi da Keïta aka gina bayanin da ke cikin littafin da kamfanin Scalo ya buga a 1997. Alherin wannan aiki ba ƙarami ba ne. Daga bakin Keïta aka ji cewa da sana'ar kafinta ya fara tare da mahaifinsa, kuma a 1935 wani kawunsa ya kawo mashi kamarar Kodak daga Senegal. A 1948 ya buɗe wurin aikinsa a unguwar Bamako-Koura, ya riƙa ɗaukar mutane a tsakar gida da hasken rana. Saboda tsadar fim, yawanci sau ɗaya yake ɗaukar kowane mutum. Yana ajiye agogo da alƙalami da rediyo da kwat domin wanda yake so ya ara. Wannan bayani na ƙarshe kaɗai ya isa ya gyara karatun hotunan. Baƙon da ya ga saurayi ya dafa rediyo zai ce dukiyarsa ce yake nunawa, alhali sau da yawa burinsa ne yake nunawa. Haka kuma zanen da Keïta ke ratayawa a baya: na farko abin shimfiɗar gadonsa ne, kuma da yake yakan canza shi bayan ƴan shekaru, da shi yake gane lokacin da aka ɗauki hoto.

Sai dai akwai abin dubawa. An jera maganar Keïta kamar labari guda da ya zauna ya bayar daga farko har ƙarshe, ba a ga tambayoyin da suka jawo ta ba. Wanda ya san yadda tsoho yake magana ya san ba haka take fita ba. Yakan yi shiru, ya koma baya, ya gyara shekara, ya kauce ma abin da bai so. In an share tambaya, an share hanyar da mai karatu zai bi ya gane ko maganar daga zuciyar tsohon ta taso ko dora mashi ita aka yi. Ga kuma batun harshe. Da Bambaranci Keïta yake ciniki da jama'arsa, da shi yake gyara masu zama, amma da harsunan Turai littafin ya fito. Ba ƙarya muke zargi ba. Abin da muke cewa shi ne mai tambayar yana da hannu wajen sayar da hotunan a Turai, kuma wanda yake da kaso a ciniki bai kamata ya zama shi kaɗai ne mai riƙe da shaida ba. Rikicin da ya ɓarke kan nagatif ɗin Keïta, wato fim ɗin da ake wanke hoto daga gare shi, wanda ya ci gaba bayan rasuwarsa a Paris a 2001, ya nuna cewa wannan damuwa tana da tushe.

Abin da ya ƙara ma littafin nauyi shi ne gudummawar masanin tarihin Mali, Youssouf Tata Cissé, wanda ya yi bayanin zannuwa da kitso da kayan ado da ke cikin hotunan. Nan aka ga amfanin ɗan ƙasa a wurin hira. Baƙo yana tambayar irin kamara da irin haske, ɗan gida yana tambayar sunan atamfa da abin da take nufi ga wadda ta ɗaura ta.

Malick Sidibé ya fi samun masu sauraro. Ya karɓi kyautar Hasselblad a 2003, da Zakin Zinariya na bikin fasaha na birnin Venis a 2007, kuma a 2008 Cosima Spender ta yi fim a kansa mai suna Dolce Vita Africana. Hotonsa mafi shahara, na 1963, yana nuna saurayi da budurwa suna rawa, goshi kusa da goshi, ita ba takalmi. Kowa ya gani zai ce masoya ne. Bayanin da aka samu daga baya ya nuna wa ne da ƙanwarsa, yana koya mata rawa. Jimla guda ta sauya ma'anar hoton baki ɗaya, kuma ba ta rage mashi kyau ba. Amma yawan hira ma yana da illarsa. Mutumin da aka yi ma tambaya iri ɗaya sau da yawa yakan daddale amsa guda, ta yi santsi, har ta daina koyar da komai sabo.

Mu a nan gida muna da namu. Philippe Koudjina, haifaffen Kwatano a 1940, a Yamai ya yi rayuwar aikinsa. Shi ya ɗauki samari da ƴan mata na shekarun 1960 da 1970 a wuraren rawa da shagulgula, lokacin da ƙasa take ɗanɗana ƴancin kai. Wasu ƴan ƙasar Holan biyu, Paul Cohen da Martijn van Haalen, suka yi fim a kansa a 2006, Photo Souvenir. Fim ɗin ya same shi cikin rashin lafiya da talauci, ganinsa ya yi rauni, ya kuma ajiye halinsa kusa da ɗaukakar da takwarorinsa na Mali suka samu. Tambayar da ya tayar mai kyau ce: wa yake zaɓen wanda duniya za ta sani? Godiya ta wajaba ga masu fim ɗin, domin sun ajiye mana murya da fuskar mutumin da ya rasu a 2014. Duk da haka, labarin faɗuwar mutum yakan rinjayi labarin aikinsa. Tausayi yana jan hankalin mai kallo, amma abin da tarihin Yamai yake bukata shi ne a zauna da shi hoto bayan hoto: wannan wane wuri ne, wace ƙungiya ce take kiɗa, nawa ake sayar da hoto guda, yaushe injinan wanke hoto mai launi suka kashe kasuwar baƙi da fari.

Abin mamaki, dabarar yin haka ba baƙuwa ba ce a Nijar. A fim ɗin Moi, un Noir na 1958, Jean Rouch ya nuna ma Oumarou Ganda hotunan da aka ɗauka, ya bar shi ya yi magana a kansu, aka naɗi muryar. Haka aka yi da Damouré Zika da abokansa a Jaguar. Kuma tun 1968 Yamai take da cibiyar tattara tarihin baka wadda daga baya ta zama CELHTO. Ke nan muna da gwanintar naɗar maganar maroƙa da malamai da dattawan fada. Saura mu yarda cewa mai hoton bakin kasuwa shi ma ma'ajin tarihi ne.

Daga waɗannan misalai ana iya fitar da sharuɗɗan hira ta ƙwarai. Na farko, a yi ta da harshen da mutum ya yi sana'arsa da shi, Hausa ko Zabarmanci ko wani, fassara ta biyo baya. Na biyu, a yi ta da hotuna a hannu, domin hoto yana tono abin da tambaya ba ta iya tonowa. Na uku, a ajiye muryar yadda take, da tambayoyin da shirun da gyare-gyaren, a wurin da ɗalibi zai iya zuwa ya saurara. Na huɗu, a nemi murya ta uku, wato ta waɗanda aka ɗauka. Keïta bai rubuta sunayen masu zuwa wurinsa ba, shi ya sa galibin hotunansa suke yawo a duniya ba suna. Matar da ta zaɓi zanenta da zamanta tana da rabo a cikin aikin, kuma ita ko ɗiyanta suna da ta cewa kafin a rataya fuskarta a bangon wata ƙasa. Na biyar, a rubuta yarjejeniya a fili kan wanda ya mallaki nagatif da wanda ya mallaki muryar.

A Maraɗi da Damagaram da Tawa, masu hoton da suka ɗauki bukukuwan aure da suna da hawan salla da hotunan katin ɗan ƙasa tun kafin zuwan wayar salula sun tsufa, zafi da ƙura da gara kuma ba su raga ma fim. Wayar da ta karɓe masu sana'a tana iya naɗar murya ta sa'o'i. Kayan aiki ba su ne matsala ba. Abin da ake nema shi ne ɗalibi ko malami ko ɗan jarida da zai je ya gaida tsoho, ya nemi izini, ya ce: «Baba, wannan hoton, a ina kuka ɗauke shi?» Sannan ya yi shiru ya saurara.