Ilmin Tsakanin Ƙasashe a Ma'aunin Illela

Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce yin tarke a kan wata fahimta da ta kafu a tarurrukan masana na shekara-shekara, watau abin da ake nufi idan an ce ilmin tsakanin ƙasashe. Hujjarmu guda ce. Ma'aunin da ake auna wannan ilmi da shi an ƙera shi ne domin ɗalibin da ya hau jirgin sama ya ƙetare teku, saboda haka ba ya iya auna ƙetarawar da ta fi kusa da mu, ta kuma fi daɗewa. Za mu ɗauki garin Illela na Jihar Sakkwato mu gwada wannan ma'auni a kansa.

Asalin ma'aunin

A ƙasar Amurka akwai wata ƙungiya ta karrama masana mai suna Phi Beta Delta, wadda aka kafa a shekarar 1986 a Jami'ar Jihar Kalifoniya da ke Long Beach. Tana da rassa a jami'o'i da dama, tana taro kowace shekara, tana kuma rataya wa membobinta lambar girma. Waɗanda take karramawa iri uku ne: ɗaliban da suka zo Amurka daga wasu ƙasashe suka yi fice, da 'yan ƙasar da suka fita waje suka yi karatu, da malaman da bincikensu ko koyarwarsu ta shafi wasu ƙasashe. Ba mu ga laifin wannan tsari ba a inda aka yi shi, domin ya dace da halin jami'ar da baƙinta suke zuwa daga nesa da fasfo da biza. Haka kuma ƙididdigar da ake bugawa can kowace shekara, wadda ta nuna cewa ɗaliban Nijeriya a Amurka sun haura 20,000 a shekarar karatu ta 2023/2024, ƙididdiga ce mai amfani ga mai nemanta.

Inda gizo ke saƙa shi ne lokacin da muka aro wannan riga muka sa ba tare da mun gwada ta a jikinmu ba. Duk wanda ya saba halartar tarurrukanmu a kan wannan batu ya san yadda jerin takardun yake kasancewa: yarjejeniyar da jami'a kaza ta ƙulla da wata a Ingila ko Malesiya, da yawan malaman da suka samo digiri daga waje, da matsayin jami'a a jerin jami'o'in duniya. Hukumar UNESCO ma, idan za ta ƙidaya ɗaliban da suka bar ƙasarsu don karatu, masu rajista a manyan makarantu take ƙidayawa. Da wannan ma'auni, ƙasar waje ta zama wuri mai nisa da mai kuɗi kaɗai ke zuwa, maƙwabci kuwa ya fita daga lissafi.

Illela da Ƙwanni

Illela tana arewa da birnin Sakkwato, tazarar da ba ta kai kilomita 100 ba. Daga can zuwa Birnin Ƙwanni a Jamhuriyar Nijar tafiyar 'yan mintoci ce a kan babur. Kasuwar Illela tana ci ran Lahadi, ta Ƙwanni ran Laraba, kuma fataken shanu da na hatsi da na albasa waɗanda ke cin wannan su ne ke cin waccan. Hausa ɗaya ake yi, Hausar yamma, ana auratayya, ana zuwa wa juna suna da jana'iza.

Ya kamata mu tuna yadda aka yi iyaka ta ratsa nan. Yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka yi a 1898 ta zana baka mai nisan mil 100 kewaye da Sakkwato, kuma Ƙwanni tana cikin wannan baka, watau a rabon Ingilishi. Faransawa suka yi kukan cewa hanyar da aka bar musu daga kogin Kwara zuwa Damagaram ba ta da rijiyoyi, sai aka sake shata iyakar a 1904 da 1906, aka matso da ita kudu. Daga 1906 zuwa 1908 jami'an ƙasashen biyu, Tilho da O'Shee, suka bi ƙasa suna kafa alamu. Ashe ke nan neman ruwan sha ga ayarin sojan Faransa shi ne ya yanke wa yaron Ƙwanni hukuncin koyon Faransanci, ya bar ɗan'uwansa na Illela da Ingilishi. Har yau ana jin wannan a bakin yara: wancan yana zuwa lakwal wurin mushe da kaye a hannu, wannan yana zuwa firamare wurin malam da littafin rubutu.

Kafin wannan iyaka, hanyar nan hanyar ilmi ce. Zuriyar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ta daɗe zaune a ƙasar Ƙwanni. An haife shi a Maratta a 1754, garin da yau yake cikin Nijar, ya tashi a Ɗagel, ya kuma tafi Agadas ya yi karatu wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru. In da za a bi ma'aunin tarurrukanmu da gaske, da sai a ce wanda aka sa wa Jami'ar Sakkwato sunansa a 1988 baƙon ɗalibi ne. Wannan zirga-zirga ba ta yanke ba. Almajirai da ɗaliban zaure daga Adar da Gobir ta Nijar suna zuwa Sakkwato da Gwandu da Zariya, kuma 'yan Nijeriya suna zuwa Jami'ar Musulunci ta Sayi, wadda aka yanke shawarar kafawa a taron ƙolin ƙasashen Musulmi na Lahor a 1974, aka buɗe ta a 1986. Ba muna yabon halin da ƙananan almajirai suke ciki ba ne, na bara da kwana a rumfunan kasuwa. Abin da muke cewa shi ne, makarantar allo da ta zaure sun warware abin da ya gagari boko: ɗalibi yana ɗaukar karatunsa daga wannan ƙasa ya ci gaba da shi a waccan daga shafin da ya tsaya, domin littattafan ɗaya ne, kuma malami yana gwada shi da baki, ba ya tambayar takarda.

Katangar takardun shaida

A ɓangaren boko kuwa, abin da ya raba Illela da Ƙwanni ba nisa ba ne, takarda ce. Yaron Nijar yana yin shekara 6 a firamare, 4 a kwaleji, 3 a lise, jimla 13, sannan ya ɗauki jarrabawar bakaloriya, ya yi digirin farko cikin shekara 3. Yaron Nijeriya yana yin 6 da 3 da 3, jimla 12, ya bi ta hukumar JAMB wadda ta fara aiki a 1978, ya yi digiri cikin shekara 4. Duk wanda ya iya lissafi ya ga cewa 16 ce ta kowane gefe. Amma fa hukumar WAEC da aka kafa a 1952 ta haɗa Nijeriya ne da Gana da Saliyo da Gambiya, daga baya Laberiya, ita kuwa majalisar CAMES da aka kafa a Yamai a 1968 ta haɗa Nijar ne da ƙasashe irin su Senegal da Gabon. Sakamakon haka, takardar ɗan Illela an fi saurin gane ta a Banjul da a Tawa, ta ɗan Ƙwanni kuma an fi gane ta a Dakar da a Sakkwato.

Ba a rasa yarjejeniyoyi ba. Akwai ta Arusha ta 1981 a kan amincewa da takardun shaidar ilmi a Afirka, wadda aka sabunta a Adis Ababa a 2014, akwai ta ECOWAS ta 2003, ga kuma Hukumar Haɗin Gwiwar Nijeriya da Nijar da aka kafa tun 1971. Sai dai yarjejeniya a babban birni daban, abin da magatakardan jami'a zai yi idan yaro ya ajiye masa takardar bakaloriya a kan tebur daban. Kuma tun da Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairu 2025, inuwar waccan ƙungiya ma ta janye daga wannan iyaka.

Misalin da ya fi ba mu mamaki shi ne na ɗaliban Faransanci. Da tattalin arziki ya karye, tura su ƙasashen waje don gogewa a harshen ya gagara, sai Gwamnatin Tarayya ta kafa Ƙauyen Faransanci a Badagiri a 1991. Don haka ɗalibi yakan tashi daga Sakkwato ya yi tafiyar kusan kilomita 1,000 zuwa bakin teku domin ya zauna a wurin da aka ƙago masa Faransanci, alhali ƙasar da ake koyarwa da harshen tana bayan ɗakinsa. Za a iya cewa a kasuwar Ƙwanni Hausa zai ji, ba Faransanci ba, kuma wannan gaskiya ne. To amma akwai jami'a a Yamai tun shekarun 1970, akwai a Tawa da Maraɗi da Damagaram tun 2010, kuma a ɗakunan karatunsu ba Hausa ake yi ba.

Akwai kuma rufe iyaka. An rufe ta daga 1984 zuwa 1986, an sake rufewa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 (Illela tana cikin iyakoki huɗun farko da aka buɗe), sannan daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024 bayan juyin mulkin Yamai. A kowane karo an yi ta lissafin asarar shinkafa da shanu da man fetur. Ɗaliban Nijeriya da ke karatu a Sayi, ko a jami'o'i masu zaman kansu irin wadda aka buɗe a Maraɗi a 2013 da sunan Maryam Abacha, su ma ta waɗannan ƙofofi suke wucewa, kuma zangon karatu ba ya jiran 'yan siyasa su shirya.

Taron da ya yi aiki

Don kada a ce muna ƙin taro ne baki ɗaya, bari mu kawo wanda ya haifar da abin a zo a gani. Bayan taron Bamako na 1966, wanda UNESCO ta kira don daidaita rubutun wasu harsunan Afirka ta Yamma, Nijar ta bi wata hanya ta rubuta Hausa, tana ninka dogon wasali, Nijeriya kuwa ta tsaya a kan tsarin da Hukumar Hausa da gidan Gaskiya na Zariya suka saba. A Janairu 1980 cibiyar CELHTO ta Ƙungiyar Haɗa Kan Afirka ta tara masanan ƙasashen biyu a Yamai, suka daidaita ƙa'idojin. Abin da ya sa wannan taro ya ci nasara, a ganinmu, shi ne ƙanƙantar aikinsa. Ba a zo don a yi jawabi a kan zumuncin ƙasashe ba. An zo ne don a yanke yadda za a rubuta kalma, kuma kowa ya koma gida da abin da zai koya wa ɗalibi. Ko da yake har yanzu Nijar tana rubuta ƴ a inda Nijeriya ke rubuta 'y, littafin da aka buga a Zariya yana karantuwa a Tawa ba tare da tafinta ba.

Wannan gado ne ya kamata tarurrukanmu su ɗora a kai, musamman da yake shekarar 2025 ta zo da abin da ba a zata ba. A watan Maris, sabon kundin mulkin Nijar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya mai da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. A watan Nuwamba kuma, Ma'aikatar Ilmi ta Tarayyar Nijeriya ta ba da sanarwar soke manufar 2022 ta koyar da yara da harshen uwa, ta koma ga Ingilishi. Watau ƙasar da ta fi yawan sassan nazarin Hausa a jami'o'i da kwalejojin horon malamai, ta fi yawan littattafai, ita ce ta ja da baya, ƙasar da ta fara gwajin makarantun Hausa da Faransanci a Damagaram tun 1973 kuwa ta ɗaga darajar harshen alhali malamai da littattafan da take da su ba su kai bukatarta ba. Ayyanawa a kundi ba ta koyar da yaro ko baƙi ɗaya. Sai an sami wanda zai shiga aji.

Saboda haka muna ba masu shirya taron baɗi shawara su rage jigon, su gayyato magatakardan Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da takwarorinsa na Tawa da Yamai, tare da shugabannin sassan Hausa da na Faransanci, a ajiye musu tambayoyi biyu kacal: a wane aji za a sa mai bakaloriya idan ya zo Sakkwato, kuma da wane sharaɗi mai takardar NCE ta Hausa zai koyar a Ƙwanni. In matsalar tsaro a gabashin Jihar Sakkwato ta hana a zauna a Illela kanta, birnin Sakkwato ya isa, domin baƙin za su iya kwana a Ƙwanni su iso da hantsi.