Ba 4x ba, ba 48x ba: gudun da nake buga faifan waƙa da shi

Watan jiya na ɗauki jakar fayafayen CD na mahaifina na kai shagon kwamfuta da ke bakin layinmu, don a kwafe su kafin su ƙarasa lalacewa. Akwai Shata a ciki, akwai Ɗanƙwairo, akwai Ɗan Maraya Jos, wasu ma Baba da hannunsa ya rubuta sunayensu da maka. Yaron shagon ya saka na farko, ya danna nan ya danna can, ko minti uku sabon faifan bai yi a ciki ba ya miƙo min shi da ɗuminsa.

Na ce, "Samari, a gudu nawa ka buga shi?"

Ya ce, "48x, Yallaɓai. Shi ne ƙarshen gudun injin."

Wani dattijo da ke kan benci yana jiran a tura masa karatu a waya ya girgiza kai. "Kun yi asarar faifai. Waƙa a 4x ake buga ta, in da hali ma a 1x. Mu haka muka sani."

Waɗannan ra'ayoyi biyu su ne suka raba masu wannan sana'a, kuma ban yarda da ko ɗaya ba.

Na yaron shi ya fara nuna aibinsa. A kwamfuta faifan ya yi lafiya lau. A rediyon motar Baba kuwa, waƙoƙin farko sun tafi sumul, da aka zo ta biyun ƙarshe sai ya fara sarƙewa yana tsallake. Akwai dalili. Faifan CD daga tsakiya ake fara rubuta shi a nufi baki, kuma wannan 48x da ake taƙama da shi, injin ba ya kai shi sai can wajen bakin faifan. A lokacin faifan yana juyi kusan sau dubu goma a minti guda, alhali na'urar sauraro ba ta wuce juyi 500 a tsakiya, ta sauko wajen 200 a baki. Faifai mai araha da bai daidaita ba zai yi ta rawa a wannan gudu, hasken leza ya bar tabo marasa kyan gefe. Kwamfuta tana da haƙurin karanta irin wannan. Tsohon rediyon mota ba shi da shi, kuma waƙoƙin ƙarshe su ke kwana a ciki.

Maganar dattijon ta fi wuyar turewa, domin ta taɓa zama gaskiya. A shekarun 1990 injinan gida 2x ne da 4x, fayafayen ma don wannan gudun aka yi su, kuma idan kwamfuta ta yi jinkirin miƙa bayanai ko na ƙiftawar ido ne, faifan ya tashi aiki. Duk wanda ya yi asarar faifai goma a wancan zamani ba zai manta ba. Wajen shekarar 2000 kamfanin Sanyo ya fito da dabarar BURN-Proof, wadda ke sa injin ya dakata ya ci gaba daga inda ya tsaya, wasu kamfanoni suka bi da irin tasu. Abin da mutane ba su lura ba shi ne faifan ma ya canza. Juya faifai emti ka duba bayansa a haske, za ka ga wani launi, ko kore-kore, ko shuɗi, ko mai kama da zinariya. Rini ne, shi leza ke ƙonawa. Rinin faifan da aka rubuta 52x a jikinsa an haɗa shi ne don ya kama wuta da sauri, injin kuma yana karanta lambar kamfanin da ke jikin faifan ya zaɓi ƙarfin hasken da aka tsara masa. A gudun da aka fi amfani da shi ake kyautata wannan tsari, ba a 1x ba. Injina da yawa na yanzu ma ko ka zaɓi 4x, ba za su sauka ƙasa da 8x ko 16x ba.

Abin da ya fi damuna a ra'ayin dattawa shi ne cewa wai sautin ya fi zaƙi in an buga a hankali. Abin da ke cikin faifan waƙa lambobi ne, ana auna sauti sau 44,100 a kowace daƙiƙa, tun ƙa'idar da Philips da Sony suka shimfiɗa a 1980. Idan na'ura ta karanto lambobin daidai, kalangun Shata shi ne kalangun Shata. Gudun bugawa ba ya ƙara wa murya gishiri. Abin da yake taɓawa shi ne yawan kurakuran da na'ura za ta gyara a hanya, kuma faifan waƙa ba shi da ƙarin kariyar da faifan ajiye fayiloli yake da ita. In kuskure ya fi ƙarfin na'urar sai ta cike gurbin da ƙiyasi, in ya ƙara yawa ka ji ƙas, ko tsallake.

Ni 16x nake bugawa. Faifai mai minti 80 yana ƙarewa cikin minti biyar da 'yan kai, yawancin injina kuma suna riƙe wannan gudun daga tsakiya har baki ba hawa ba sauka. Minti biyu ko uku kacal ke tsakaninsa da 48x. Wanda zai adana muryar Ɗanƙwairo, da ya rasu tun 1991, bai kamata ya yi ƙyashin minti uku ba. In na gama, waƙar ƙarshe nake fara saka wa na'urar da ta fi kowacce tsirfa a gidan.

Amma gardamar gudu tana rufe mana ido daga ɓarnar da ta fi ta girma. Na tsaya a bayan yaron nan na ga yadda yake aiki: waƙar yake fara mayarwa MP3, sannan ya buga ta a sabon faifai. MP3 kuwa zubar da wani ɓangare na sautin yake yi don fayil ya ƙanƙance, kuma abin da ya zube ba ya dawowa ko a 1x ka buga. Wannan ɗabi'a ta zama ruwan dare tun da turi a waya ya kashe kasuwar faifai. Akwai manhaja kyauta, Exact Audio Copy, da ke maimaita karanta wurin da ya karce har sai ta gamsu, ta kuma faɗa maka inda ta kasa. A ajiye abin da ta karanto a matsayin FLAC, wanda ba ya zubar da komai, a wuri biyu daban-daban. Daga nan a buga faifai nawa ake so.

Shi ma faifan a zaɓe shi. Taiyo Yuden na Japan, da masana suka fi yabo, ya daina yin fayafayai a ƙarshen 2015, kasuwa kuma cike take da marasa suna. Rini ba ya son zafi da rana. Faifan da aka bari a gaban gilashin mota a watan Afrilu, ko wane gudu aka buga shi da shi, kwanansa ya kusa ƙarewa.

Na kwaso jakar na dawo da ita gida. Kullum bayan isha'i ina yin faifai biyu, na ainihin kuma na mayar da shi cikin kwalinsa na sa a durowa. Ɗaya daga na Ɗan Maraya ya karce ƙwarai, manhajar ta shafe fiye da awa guda a kan waƙa ɗaya kafin ta wuce. Ranar Juma'a muka saka kwafin a mota muna hanyar masallaci, Baba ya ce in kai masa ta ƙarshe tukuna. Kuntigin ya tafi har ƙarshe bai tsallake ba, ya ce in maido ta daga farko.