Haƙorin Dariya Shi Ke Cizo: Nazari Kan Zanen Wawan Ban Tsoro

A ƙarshen zangon karatun da ya wuce, ina cikin gyaran kayen ɗalibaina na kwaleji, sai na iske a shafin baya na ɗayansu zanen wata fuska da bik ja da baƙi: ƙaton goshi, jan hanci, haƙora reras kamar na zarto, jini na ɗiga daga haɓa. Da na tambayi yaron, sai ya ce Pennywise ne, a wayar yayansa ya gan shi. Hannunsa ya faɗa, babu shakka, amma zanen bai ba ni tsoro ba ko kaɗan. Dalilin haka nake so mu duba tare, ƴan'uwana malamai, domin akwai darasin fasaha a ciki.

Wawan da Turawa ke kira «clown» asalinsa ɗan wasan ban dariya ne. Joseph Grimaldi, wanda ya rasu a 1837, shi ya shahara a dandalin Landan da shafe fuska da farin kwalli, da jan kumatu da jan baki. Amfanin wannan shafe-shafe shi ne wanda ke zaune can nesa ya hangi dariyar. To, amma idan aka matso kusa, sai a tarar dariyar ba ta motsi: ko mutumin na fushi, ko yana kuka, bakin da aka zana masa yana nan a washe. Bahaushe ya ce labarin zuciya a tambayi fuska. Fuskar wannan wawa kuwa, an tambaye ta ta ƙi ba da amsa. Daga nan tsoron yake tasowa.

Victor Hugo ya gane haka tun a 1869, cikin littafinsa L'Homme qui rit. Gwynplaine yaro ne da aka tsaga masa baki tun yana ƙarami, don ya zama abin kallo a kasuwanni. Ranar da ya tashi gaban majalisar manyan Ingila yana faɗin wahalar talakawa, sai zauren ya ɓarke da dariya, saboda fuskarsa ta ƙaryata bakinsa. A 1928 Conrad Veidt ya fito a matsayinsa cikin fim, kuma fuskarsa na daga cikin abubuwan da masu zane suka duba lokacin da suka ƙirƙiri Joker, abokin gabar Batman, a 1940.

Shi Pennywise, Stephen King ne ya ƙago shi cikin littafinsa It na 1986: wata halitta ce mai farkawa duk bayan shekara 27 a garin Derry, tana shigar wawa don ta yaudari yara. An ba shi fuska biyu sanannu. A fim ɗin talabijin na 1990, Tim Curry ya fito da farar fuska, jan hanci, jan gashi da riga mai launi, kusan kamar kowane wawan biki. A fim ɗin 2017 kuwa, an yi wa Bill Skarsgård ƙaton goshi mai tsattsage, da jan layi biyu da suka taso daga gefen baki suka ratsa idanu, idanun kuma kowanne na kallon nasa gefe.

Fim ɗin 2017 ya tara fiye da dala miliyan 700, kuma fuskarsa ce yara ke kwaikwayo. Duk da haka, a ganina ta 1990 ta fi ta hikima. Labarin ya fara ne da wani ƙaramin yaro da ya duƙa bakin magudanar ruwa yana neman jirginsa na takarda, wawan ya yi masa magana daga ciki. Wane yaro ne zai tsaya hira da fuskar 2017? Tun daga nesa ta riga ta faɗi nufinta. Ta Curry kuwa tana jawo mutum, sai ya saki jiki sannan idanun su sake. Tarkon da tsuntsu ya gane daga sama ya tashi daga aiki.

Kuskuren ɗalibina ke nan. Ya tara haƙora da jini, ya manta da dariya, sai ya zana dodo da jan hanci. Ba laifinsa ba ne. Yaron Turai ya fara yi wa wannan wawa dariya kafin a koya masa tsoronsa. Namu kuwa a matsayin dodo ya fara haɗuwa da shi. Masu ba mu dariya, wawan sarki da ɗan kama, da fuskarsu ta Allah suke wasa, harshe da jiki ne kayan aikinsu.

Saboda haka ban ƙwace kayen ba. Na ce masa ya sake zanen: ya fara da fuskar da ƙanensa zai so ya matsa kusa da ita, sannan ya ɓata abu ɗaya tak, ko idon da bai bi bakin wajen dariya ba, ko murmushin da ya ɗan zarce iyaka. Bayan mako guda ya kawo wani mai sayar da alewa, fuska fara'a, ido a bushe. Ajin ya yi tsit.

Ina kira ga malamai da ƙungiyoyin al'adu da kada su yi saurin yage irin waɗannan zane-zane. Yaron da ya koyi bambanta dariyar baki da ta ido ya sami hanyar shiga littafin Hugo, ya kuma sami abin da zai tsare shi a bakin kasuwa. Tun kafin Pennywise kakanninmu suka ce haƙorin dariya shi ke cizo.