Maƙalar AWE: Yadda Aka Gajarce Lissafin Jinkirin Waya

A watan Afrilu na 1990 mujallar IEEE mai kula da zana da'irori da kwamfuta ta buga wata maƙala ta Lawrence Pillage da malaminsa Ronald Rohrer, wadda ta fito daga binciken digiri na uku da Pillage ya yi a Jami'ar Carnegie Mellon da ke Amurka. Sunanta "Asymptotic Waveform Evaluation for Timing Analysis", injiniyoyi kuwa AWE kawai suke ce mata. Ta haura shekara talatin, amma har yau mai son sanin yadda ake auna jinkirin sigina a wayoyin da'ira sai ya bi ta kanta.

A da, tiransista ce mai jan ƙafa, babu mai sa waya a lissafi. Da tiransistoci suka ƙanƙance suka ƙara sauri, sai siraran wayoyin da ke haɗa su suka zama abin damuwa. Suna da juriya, suna tara caji, kuma idan sauri ya yi yawa sigina yakan makara, ko ya yi ta kaɗawa kafin ya lafa, ko ya tsallaka zuwa wayar da ke maƙwabtaka. Hanya biyu mai zane yake da ita. Ko ya ba manhajar SPICE, wadda ta fito daga Jami'ar Berkeley a 1973, ta bi lokaci taku bayan taku. Amsarta sahihiya ce, sai dai idan sassan sun kai dubbai jira ya zama aiki. Ko kuma ya ɗauki lissafin da W. C. Elmore ya kawo a 1948, mai sauri ƙwarai, amma lamba ɗaya tak yake bayarwa, bai san da indakta ba, bai kuma nuna siffar sigina. Wani abin sha'awa, a ajin Rohrer ɗin nan ne a Berkeley aka rubuta CANCER, manhajar da ta haifi SPICE. Ya san nauyin kayan tun daga tushe.

Dabarar maƙalar ita ce ba sai an shanye tukunya ake sanin daɗin miya ba. Maimakon a warware da'irar gaba ɗaya, sai a ciro wasu 'yan lambobi da ake kira momen, waɗanda ke ɗauke da ainihin halinta. Nan ne gwanintar take. Marubutan sun nuna cewa kowane momen ana samunsa ne ta warware da'ira mai tsayayyen lantarki: a cire kapasita a sa mafarin kwararar lantarki, a cire indakta a sa mafarin boltej, a warware, sakamakon ya zama abin shigarwa na zagaye na gaba. Sau ɗaya ake yin aikin tarwatsa matiris mai tsada, sauran zagayen kusan kyauta ne. Daga nan sai a yi amfani da kusancin Padé, na masanin lissafin Faransa Henri Padé, a gina ƙaramar da'ira mai ginshiƙai biyu ko uku da ke kwaikwayon babbar. Idan aka tsaya a ginshiƙi ɗaya, lissafin Elmore ne yake fitowa. Wannan ya fi komai burge ni, domin ba su zubar da tsohon ilimi ba, matakala suka ɗora a kansa.

Sai dai akwai ɓaraka, kuma ba ƙarama ba. Mai karatu zai zaci ƙara ginshiƙai shi ne ƙara daidaito har iya son ransa. A kwamfuta ba haka abin yake ba. Yayin da zagaye ke ƙaruwa, momen ɗin sai su riƙa kama da juna, kuskuren taƙaita lambobi ya haɗiye bambancinsu, kafin a kai ginshiƙi goma riba ta ƙare. Mafi muni, kusancin Padé yakan haifar da ginshiƙin da ke sa sigina ya yi ta hauhawa ba iyaka, alhali da'irar asali a natse take. A ganina maƙalar ba ta ba wannan haɗari muhimmancin da ya kamata ba.

Peter Feldmann da Roland Freund na Bell Labs sun magance matsala ta farko a 1995 da hanyar PVL, inda suka bi tsarin Lanczos don isa ga kusancin Padé ɗin nan dai ba tare da lissafa momen kai tsaye ba. Ta biyu kuwa Pillage da kansa, wanda a lokacin sunansa ya koma Pileggi, ya toshe ta tare da Altan Odabasioglu da Mustafa Celik a hanyar PRIMA ta 1998. Ita tana tabbatar da cewa ƙaramar da'irar ba za ta ƙirƙiro makamashin da babu shi a asali ba, don haka ana iya jona ta da tiransistoci a cikin SPICE ba tare da lissafin ya wargaje ba.