Jinjina ga Vincent Enyeama, Golan da Ya Hana Messi Sakat

Ɗan gaba zai ɓarar da ƙwallo biyar, ya ci ɗaya, a ɗauke shi a kafaɗa. Mai tsaron raga kuwa zai kaɗe goma, ɗaya ta kufce masa, shi ke nan ya zama abin zagi a majalisa. Wannan aikin mai wuyar godiya Vincent Enyeama ya riƙe wa Najeriya har wasanni 101.

Daga Enyimba ta Aba ya fito fili, inda suka ɗauki kofin zakarun Afirka a 2003 da 2004. Amma wasan da ya kafa sunansa shi ne na Ajantina a gasar cin kofin duniya ta 2010. Messi ya yanko ta dama, ya lanƙwaso ƙwallo da ƙafar hagu zuwa kusurwa, Enyeama ya tashi sama ya ture ta da yatsu. Ya sake, aka sake hana shi. An ci Najeriya ɗaya da nema, duk da haka golan da aka ci aka ba kyautar gwarzon wasa.

Ba shi da tsawon da ake nema wa gola a Turai, sai dai tsalle da saurin hannu. Da su ya yi wasanni 11 a jere a Lille ta Faransa ba a zura masa ƙwallo ba, a 2013, shekarar da Super Eagles ta ɗauki kofin Afirka yana raga.

A ganina, Najeriya ba ta taɓa yin gola kamarsa ba.